Koren ƙyalle, ɓacewar mutum da wutar bindiga: amsoshi ga masu gajeren fim

Tambayoyin wannan karon daga masu shirya gajerun finafinai suke, waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar ƙwararre, suna so su yi siddabarun hoto da kansu a lokacin editin.

Tambaya: Malam, na ɗauki jarumina da waya a gaban koren ƙyalle, don in cire koren in sa wani wuri a bayansa. Da na cire koren sai gefen jikinsa ya yi kaca-kaca, gashi ya ɓace, ga kore ya maƙale a wuyansa. In canja manhaja ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin manhaja ne. Abu biyu ne suka haɗe maka. Na farko, yawancin wayoyi suna adana bidiyo da tsarin da ake kira 4:2:0, inda kowane fiksel huɗu, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, suke raba bayanin launi ɗaya, alhali kowannensu yana da nasa bayanin haske. Mai cire kore kuwa da launi yake aiki, shi ya sa gefen mutum yake fitowa da haƙora-haƙora. Maganinsa ka ɗauka a 4K ka kammala fim ɗin a 1080, domin rage girman hoton yana lafar da gefen. Ka wadata wurin da haske yadda ISO, wato ma'aunin da kyamara ke ƙara wa hoto haske da shi a duhu, zai zauna a ƙasa, tunda ɗigo-ɗigon da duhu ke haifarwa su ma cinye gefe suke yi.

Na biyu, hasken da ya bugi ƙyallen yana dawowa ya shafa wa mutum kore. A bar tazarar mita biyu zuwa uku tsakaninsa da ƙyallen. A goge ƙyallen, a ja shi ya miƙe, a haska shi da fitilu biyu, hagu da dama, daban da fitilar da ke haska jarumin. Duk wata tattara ko inuwa wani koren ne daban a idon kwamfuta.

Shi wanda ka riga ka ɗauka ɗin ma ana iya ceto shi. DaVinci Resolve, manhajar editin bidiyo, yana da nau'in kyauta, kuma a sashensa na Fusion akwai Delta Keyer, abin cire kore. Fara da zana shinge a kewayen jarumin ka zubar da duk abin da ke nesa da shi, kada ka wahalar da kanka a kan kusurwoyin ƙyalle. Ɗauki samfurin kore daga kusa da gashi, ba daga can gefe ba. Sannan ka kunna kallon baƙi da fari: jiki ya zama fari fat, baya ya zama baƙi ƙirin. Da zarar ka kai nan ka tsaya, don matsawa fiye da haka ita ce ke aske gashi. In gashi da jiki sun ƙi jituwa, yi cirewar sau biyu, mai laushi don kai, mai ƙarfi don gangar jiki, ka haɗa su. Koren wuya kuma, akwai ma'aunin danne shi a cikin Delta Keyer ɗin.

Tambaya: Ina son mutum ya ɓace ɓat, kuma a wani wurin ɗan wasa ɗaya ya fito a matsayin tagwaye. Sai da koren ƙyalle?

Amsa: Ko kaɗan. Kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, kulle haske da fokas da ma'aunin fari, kada a bar komai a otomatik. Ɗauki wasan, ɗan wasa ya fita, ka ci gaba da ɗaukar wurin fayau na daƙiƙa goma ba tare da an taɓa kyamara ba. A editin ka ɗora hoton mutum a kan hoton wurin, ka yanke ko ka narkar da na sama. Na tagwaye ma haka ne: ɗauka biyu, a raba allo da shinge mai laushin baki, a ɓoye layin a jikin ƙofa ko kusurwar bango. Abin da ke tona asiri shi ne gajimare ya gifta tsakanin ɗauka biyun, ko inuwar ɗaya ta tsallaka layin ta guntule.

Tambaya: Na saka wani gini da na ƙera a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, cikin bidiyon da na ɗauka ina tafiya, amma ginin sai zamewa yake yi.

Amsa: Duba abu uku kafin ka zargi Blender. Wayoyi sukan sauya yawan firem, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, a daƙiƙa suna cikin ɗauka. Wuce da bidiyon ta manhajar sauya tsarin bidiyo ta HandBrake ka mayar da shi adadi tsayayye, 24 ko 25 ko 30. Sannan tsarin hana girgiza na waya yana lanƙwasa hoto a ɓoye, to a kashe shi a duk ɗaukar da za a yi wa wannan aiki. Na uku, tafiya da sauri tana shafe alamomin da manhaja take bi a cikin bidiyon don gane motsin kyamara.

Blender yana buƙatar aƙalla alamomi takwas da yake gani a firem ɗin da zai yi lissafi da su, amma takwas a bango ɗaya ba su da wani amfani. Watsa su, wasu kusa, wasu nesa, wasu a ƙasa, domin daga bambancin gudun na kusa da na nesa yake gano zurfi. Bayan lissafi zai nuna maka girman kuskure da fiksel. In ya haura ɗaya, goge alamomin da suka fi karkacewa ka sake. Ƙasa da rabin fiksel ake nema. In kuma a tsaye kake kana juya kyamara kawai, zaɓi lissafin Tripod.

Tambaya: Na sa wutar bakin bindiga, amma kowa ya gani ya ce liƙa ta aka yi.

Amsa: Ina kyautata zaton ta daɗe a allo. Firem ɗaya ya isa, biyu in ta yi yawa. Wajen ɗora ta a kan bidiyon, haɗa ta da tsarin Add ko Screen, ba Normal ba. Sannan wuta haska maƙwabtanta take yi: a wannan firem ɗin ka zana shinge a fuska da hannu da bangon kusa, ka ɗaga haskensu da ɗan launin ruwan lemo. Hayaƙi ya biyo baya ya ɗan jima, ƙarar kuma ta faɗo daidai kan firem ɗin.

Wannan ya shafi duk abin da aka ɗora a kan bidiyo. Baƙinsa kada ya fi baƙin hoton duhu, kaifinsa kada ya fi na abin da ke kusa da shi, kuma a yayyafa masa ɗigo-ɗigo irin na bidiyon. A ganina nan ne masu koyo suka fi sakaci, sun ɓata kwanaki a ƙira, sun bar daidaita launi a minti biyar.

Tambaya: Kwamfutata tana sandarewa, wani lokaci rendarin, wato fitar da kammalallen bidiyo, ya mutu a tsakiya.

Amsa: Yi editin da ƙananan kwafi, abin da Resolve ke kira Proxy, ka koma kan asali lokacin fitarwa. Ɓangaren siddabarun kuma ka fitar da shi a jerin hotunan PNG maimakon MP4. In ya mutu bayan firem na 300, daga na 301 za ka ci gaba.