Zafin da ke tasowa nan take

Tambaya: Likita, shekaruna 49, ina sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12. Al'adata ta fara tsallake watanni. Ina zaune sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa hijabi, bayan minti uku ya lafa. Jiya na rasa ko mai kwando biyu ya biya ni. 'Yata mai karatun jinya ta ce istrojin ne. Sinadarin ƙwan mace, ina ruwansa da ƙwaƙwalwa, har ya yi aiki da sauri haka?
Hajiya, daga Agege

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. 'Yarki ta yi gaskiya, kuma ba sammu ba ne, ba iskoki ba.

Istrojin na da hanya biyu a ƙwaƙwalwa. Ta farko kamar ki yi odar kaya ne daga Kano: sai an loda, mota ta kwana a hanya. Sinadarin ya ratsa har cibiyar ƙwayar jijiya, ya sa a ƙera sababbin furotin, abin ya ɗauki sa'o'i ko kwanaki. An daɗe ana zaton ita kaɗai ce.

Ta biyu kuwa kiran waya ce, kuma ita ta fi burge ni. A 1976 Martin Kelly da abokan aikinsa a Amurka suka ɗiga istrojin a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, cikin daƙiƙoƙi yanayin bugun lantarkinsu ya sauya. Ashe a fatar ƙwayar ma akwai masu karɓarsa, ɗaya shi ne GPER, wanda aka tabbatar a 2005. Da ya taɓa su sai ƙofofin kalsiyam da fotashiyam su buɗe ko su rufe, ƙwayar ta ƙara kuzari ko ta lafa. A 1990 Catherine Woolley da Bruce McEwen suka ga cewa a sashen adana tunani na ɓeraye mata, 'yan ƙayoyin da jijiyoyi ke haɗuwa a kansu na raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a kwana guda idan sinadarin ya faɗi. A ɓera aka gani, amma ya nuna mana yadda ƙwaƙwalwa ke sauraronsa.

Zafin naki daga sashen da ke daidaita ɗumin jiki yake. Can akwai jijiyoyin da istrojin ke riƙe wa linzami. Yanzu da yake hawa da sauka, sai su ƙwace, ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi, ta buɗe hanyoyin jini na fata, zufa ta karyo. Mantuwar kuma rashin barci na ƙara mata, balle daren Legas idan an ɗauke wuta. Yawancin mata kan ga ta ragu bayan al'ada ta tsaya.

Don Allah kada ki sayi maganin homon, wato mai ƙara istrojin, a kemis ko a hannun masu talla cikin danfo. Yana taimakon mata da yawa, amma sai an duba tarihinki na hawan jini, daskarewar jini da ciwon dajin nono. Ki nemi a gwada miki sukari da sinadarin maƙoshi, don shi ma yakan kawo zufa da faɗuwar gaba. Idan kika yi wata 12 ba jini sannan ya dawo, ki je asibiti a makon. Kafin nan, ki ajiye ƙaramin littafi kusa da kwandunan, duk wanda ya biya ki rubuta kafin ya juya.