Wace Ƙaramar Jif Ce Ta Fi Yalwar Ciki?

Tambaya: Malam, ina da iyali, kuma mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa takan bi mu idan za mu yi tafiya daga Zariya zuwa Abuja. Tsakanin Honda CR-V, Toyota RAV4 da Mazda CX-5, wacce ce ta fi yalwa da daɗin zama?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Indai kujerar baya ce abin dubawa, CR-V ƙirar 2017 zuwa 2022 ce a gaba, domin wurin miƙe ƙafa a bayanta ya kai kimanin santimita 103, alhali na RAV4 ƙirar 2019 bai wuce 96 ba. Ƙofofinta na baya kuma suna buɗewa sosai, ta yadda dattijuwa za ta shiga ba tare da ta naɗe gwiwa da yawa ba, sannan tudun da ke tsakiyar daɓen motar ƙarami ne, wanda ya zauna a tsakiya ba zai takura ba.

CX-5 ta fi su kyan ciki, amma kujerunta suna da ɗan tauri, but ɗinta kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun. RAV4 kuwa ƙarfinta yana wajen juriya da samun kayan gyara.

Kafin ka biya kuɗi, ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, sannan ka koma baya ka zauna ka ga ko gwiwarka tana taɓa ta. Ka kuma tuna cewa kujerar fata takan ɗauki zafi ƙwarai a ranar bazara, don haka ta yadi ta fi dacewa da Hajiya.