Ƙaramar bindiga CZ Shadow 2 ko Glock 34 don gasar harbi, kuma wane kube?

Malam, tunda gasar ƙungiyar wasan harbi ta USPSA za ka shiga a Amurka, ni Shadow 2 zan ce ka ɗauka. Jikinta ƙarfe ne, nauyinta kusan kilo 1.3, shi ya sa bakinta ba ya tashi sosai bayan harbi, saiti ya dawo da wuri. Sai dai harbin farko kunamar tana da tauri idan an kwantar da hamar (ƙarfen bayan bindiga da ke sa harsashi ya tashi), wannan kuwa sai da horo. Glock 34 jikinta roba ne, ba ta kai giram 800 ba, jan kunamarta iri ɗaya ne kullum, kayan gyaranta kuma suna da araha. Duka biyun harsashin 9mm suke ci.

Batun kube ya fi damuna. Sayi na Kydex (wata roba mai tauri) wanda aka ƙera daidai da samfurin bindigarka, ya rufe kunama ruf. Na fata yana laushi da tsufa, bakinsa ya lanƙwashe ya danna kunama yayin mayar da bindiga. Guji mai maɓallin da ake dannawa da manuniya, domin yatsa kan zame ya faɗa kan kunama. Don gwada riƙonsa, ka cire harsashi, ka sa bindigar a ciki, ka kifa kuben. Idan bindigar ta faɗo, ƙara ɗaure sukurun kuben.