Kuɗin wasan neman hawa Firimiya: wa ke cin me?

Malam, ka tambaya ko kuɗin tikiti ne ya sa ake kiran wasan ƙarshe na neman hawa Firimiya wasa mafi tsada a duniya. A'a, tikiti ɗan ƙari ne kawai. Filin Wembley na Landan, inda ake buga wasan, na ɗaukar mutum 90,000, amma sai an cire kuɗin shirya wasan, hukumar EFL mai kula da gasannin Ingila da ke ƙasa da Firimiya ta ɗauki kasonta, sannan ƙungiyoyin biyu su raba abin da ya rage. Akwai ma al'adar da akan yi, wadda ta yi nasara ta bar wa wadda ta sha kashi nata kason. To, wadda ta hau Firimiya me za ta yi da shi?

Romon yana Firimiya, a kuɗin talabijin. Ko ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe tana samun sama da fam miliyan 100 a kaka guda, kuma in ta koma ƙasa ana ci gaba da ba ta tallafin sauka na shekara biyu ko uku. Shi ya sa a 2025, da Sunderland ta doke Sheffield United 2-1 a wannan wasan, gidan shayin da muke kallo a nan Jidda ya koma lissafin fam zuwa riyal, an manta da ƙwallon.