Tambaya da Amsa: Koyar da Zane da Aikin Hannu a Makarantar Firamare

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga darasin zane da aikin hannu, kuma akasarinsu daga malaman firamare suka fito, waɗanda aka ɗora wa darasin ba tare da an taɓa horar da su a kansa ba. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma taƙaita su domin fili ya ishe mu.

Tambaya: Ni malamar aji 2 ce. Idan zan koyar da zane, nakan zauna a gida in shirya samfuri mai kyau, in manna shi a allo, in ce wa yara su yi irinsa. Sai dai abin da suke kawo mini ba ya kama da nawa ko kaɗan: mutum ya fi gida tsawo, hannaye sun fito daga kai, sama kuwa ɗan siririn layi ne shuɗi a can ƙarshen takarda. Nakan karɓi fensir in gyara musu. Wace hanya zan bi aikinsu ya riƙa fitowa daidai?

Amsa: Malama, abin da kika lissafa a matsayin kurakurai shi ne ainihin yadda yaro mai shekara 6 ko 7 yake zane, kuma masana sun daɗe da lura da haka. Viktor Lowenfeld, malamin zane ɗan asalin ƙasar Ostiriya wanda ya koma Amurka a 1938, ya bayyana a 1947 matakan da zanen yara yake bi. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana zabga layuka ne kawai, yana jin daɗin motsin hannunsa. Daga 4 zuwa 7 siffofi suke fara fitowa, kuma mutum na farko da yake zanawa yakan zama ƙaton kai da ƙafafu biyu, kamar talibambam. Daga 7 zuwa 9 sai ya kafa wa kowane abu alamarsa da yake maimaitawa, ya ja layi a ƙasan takarda ya jera gida da itace da mutane a kai, ya bar sama a can sama. Ba kowane yaro ne yake bin shekarun nan daidai ba, wani yakan yi gaba wani ya yi jinkiri, amma jerin matakan yana da amfani ga malami. Tun kafin Lowenfeld, wani Bafaranshe mai suna Georges-Henri Luquet ya lura cewa ƙaramin yaro yana zana abin da ya sani ne fiye da abin da idonsa yake gani. Shi ya sa zai zana gida ki ga mutanen da ke ciki ta cikin bango, kuma shi ya sa wanda ya fi muhimmanci a wurinsa yake fin kowa girma a takarda.

Na taɓa yin irin kuskuren da kike yi a farkon aikina. Wata yarinya ta zana mahaifiyarta da hannu ɗaya mai tsawon da ya kusa ratsa takardar gaba ɗaya, ɗaya hannun kuma ɗan guntu. Na ɗauki abin goge fensir zan daidaita mata, sai ta dafe takardar da tafukanta biyu, ta ce wannan hannun ne ya kamo ƙaninta lokacin da zai faɗi. Da na goge shi, da na goge labarin gaba ɗaya, in bar mata mace mai hannaye daidai wadda ba ta yin komai.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ki daina sa fensirinki a takardar yaro. Idan akwai abin da kike so ki nuna masa, ki yi shi a wata takarda daban kusa da tasa, ya duba, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Ta biyu, samfurin da kike mannawa a allo shi ne yake kashe musu gwiwa, domin hannun babba ne ya yi shi cikin natsuwa, kuma babu yaron da zai kamo shi a minti 25. Gani ya kori ji, don haka nuna musu yana da kyau, amma ki nuna yadda ake yi, sannan ki ɗauke samfurin kafin su fara. Idan yara 40 suka fito da hoto iri ɗaya sak, abin da suka koya shi ne kwaikwayo, wanda kuma ba don shi aka sa darasin a manhaja ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka cewa ba ki da abin koyarwa. Abin da ke wuyanki shi ne dabarun hannu, kuma suna da yawa: yadda ake riƙe buroshi kusa da gashinsa kamar fensir, yadda ake wanke shi a matse ruwan kafin a taɓa wani launi, yadda ake juya takarda da hannu ɗaya yayin da almakashi yake tafiya a miƙe, yadda ɗigon gam kaɗan yake riƙewa fiye da tafkin gam da ke jiƙa takarda ta yamutse. Waɗannan sai an koya, kuma ke ce za ki koyar. Abin da za a zana da yadda zai fito kuwa na yaron ne. Maimakon ki ce su zana gida, ki tambaye su abin da suka gani a hanyarsu ta zuwa makaranta, ku ɗan tattauna, sannan su zana. Idan kuma kin tsaya a kan yaro ba ki gane abin da ya yi ba, kada ki ce masa mene ne wannan, ki ce ya ba ki labarin zanensa.

Tambaya: Ɗalibaina sun kai 60, kayan aiki ba su da yawa, darasin kuma minti 40 ne. Duk ranar da na fito da fenti sai ajin ya koma kamar an yi yaƙi, ruwa ya zube, riguna su ɓaci, a kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba. Har na fara tunanin in daina. Me kake gani?

Amsa: Malam, kada ka daina, matsalar ta tsari ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin darasin zane ana yin sa ne kafin yara su shigo aji. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum shida, kowane rukuni da kwalinsa guda wanda kayansu suke ciki, kuma a kowane rukuni a san mai ɗauko kaya, da mai kula da ruwa, da mai share tebur, ana canza su mako-mako. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur. Ruwan wanke buroshi kada ya wuce rabin mazubi, mazubin kuma ya zama mai faɗin gindi, domin dogon kofi cike da ruwa a gaban yara shida sai ya kife. Kowa ya rubuta sunansa a bayan takarda kafin ya taɓa fenti, ka kuma tanadi inda za a shanya aikin tun da wuri, ko da igiya ce da 'yan maƙalan shanya. Game da lokaci, ni nakan ba nuni minti 5 zuwa 7, aiki kamar minti 25, sauran kuma na gyaran aji ne, wanda shi ma darasi ne da ake koya. Ka riƙa sanar da su saura minti 5, saboda yaron da aka ƙwace wa buroshi ba zato ba tsammani shi ne yake fara rigima.

Ƙarancin kaya kuwa wani lokaci alheri ne. Ba ka bukatar launi goma sha biyu. Ja da rawaya da shuɗi, sai fari da baƙi kaɗan, sun isa, kuma murfin kwalba yana ɗaukar fentin da zai ishi rukuni. Ka bar yaro ya ɗiga shuɗi a cikin rawaya da kansa ya ga kore ya fito, ya haɗa ja da rawaya ya sami ruwan lemo, ja da shuɗi su ba shi shunayya. Ka koya musu su fara da launi mai haske su riƙa ƙara mai duhu kaɗan-kaɗan, domin ɗigon shuɗi yana rinjayar rawaya mai yawa. Za su kuma gano da kansu cewa idan aka zuba ukun gaba ɗaya ruwan ƙasa mai dauɗa ake samu, kuma gara su gano hakan a murfin kwalba da su gano shi a tsakiyar aikinsu.

Sannan ba kowane aiki ne yake bukatar fenti ba. Yanka takardu masu launi a manna su a kan kwali aiki ne cikakke, ba na maleji ba. Henri Matisse, shahararren mai zanen nan na Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi tsayuwa mai tsawo, da almakashi da takardun da aka shafa wa fenti ya yi manyan ayyukansa na ƙarshen rayuwa. Akwai kuma ɗora takarda a kan ganye a goga da gefen fensir har jijiyoyin ganyen su fito, da yin zane da sandar launi mai kaki sannan a shafa fenti mai ruwa-ruwa a kai, kakin ya ƙi karɓar ruwan, zanen ya bayyana. Idan za ku gina wani abu da yagaggun jaridu da gam, ka raba aikin kashi uku a darussa uku, domin kowane shafi sai ya bushe sarai kafin a ƙara wani, in ba haka ba cikin zai yi fumfuna. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne lafiya: almakashi ya zama mai dakusasshen baki, fenti ya zama na yara wanda ake wankewa da ruwa, kada a shigo da ragowar fentin gini ko sinadarin tsinka shi cikin aji, domin tururinsu yana cutarwa kuma wasu fentocin suna ɗauke da dalma. Ka kuma lura da bahagon yaro, saboda almakashin dama a hannun hagu tauna takarda yake yi, sai a ɗauka yaron ne bai iya ba.

Tambaya: Ina koyar da aji 5. Yaran da a da suke murna da zane yanzu sai su ce ba su iya ba, wasu ma su yaga takardar tun ba su yi nisa ba. Me ya same su?

Amsa: Idonsu ne ya riga hannunsu girma, Malama. Wajen shekara 9 zuwa 12 yaro yake fara gane cewa abin da ya zana bai yi kama da na zahiri ba, yana kuma auna kansa da na kusa da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiye fensir har abada. A wannan mataki yabo na fatar baki ba ya aiki, domin idan kika ce ya yi kyau alhali shi yana ganin bai yi ba, zai daina yarda da maganarki ne kawai. Abin da yake so shi ne a koya masa yadda ake sa abu ya yi kama, kuma a nan koyarwa kai tsaye ta dace fiye da yadda ta dace a aji 2. Ki ajiye abu na gaske a gabansu, takalmi ko buta ko reshen itace, su shafe minti biyu suna kallo kafin kowa ya ja layi. Ki nuna musu yadda ake farfasa abu zuwa da'ira da murabba'i da kusurwa uku, yadda abin da ke gaba yake rufe wani sashe na abin da ke bayansa, yadda na nesa yake ƙanƙancewa ya hau sama a takarda, da yadda inuwa take faɗawa ɓangaren da ba ya fuskantar haske. Akwai wani atisaye da yake karya tsoro: su zana tafin hannunsu suna kallon hannun kawai ba tare da duba takarda ba. Kowa zai fito da abin dariya, har wanda ake ganin gwani ne, amma a cikin karkatattun layukan za ki ga gaɓoɓin yatsu da ba su taɓa lura da su ba. Ki kuma ɓoye abin goge fensir na minti goma na farko, domin wasunsu gogewa suke yi fiye da zane.

Tambaya: Hukumar makaranta tana so in ba da maki a darasin zane. Da me zan auna?

Amsa: Ka auna abin da ka koyar, Malam, kuma ka faɗa wa yara tun kafin su fara. Idan darasin na haɗa launi ne, tambayar ita ce ko ya fitar da launi uku sababbi daga ukun da aka ba shi. Idan na yanka da mannawa ne, ka duba tsabtar yankan da yadda ya cika filin takardar. Ka ƙara da kammala aiki da kula da kaya. Kyan hoto a idon malami ba ma'auni ba ne, saboda kullum yara biyu ko uku ne za su riƙa cinye makin. Ka ajiye wa kowane yaro ayyukansa a cikin kwali da kwanan wata a bayan kowanne, a ƙarshen zango ka kwatanta na farko da na ƙarshe, domin da kansa ya kamata a gwada shi. Kafin kuma ka rage wa yaro maki don ya shafa wa ganye ja ko ruwan ƙasa, ka lura ko yana yawan rikita ja da kore a wasu wuraren. Rashin bambance waɗannan launuka gado ne da ya fi yawa a tsakanin yara maza, kuma gwajin da likitan ido yake yi a kansa ba ya ɗaukar lokaci. Idan ka yi zargin haka, ka sanar da iyayensa cikin hikima, sannan ka rubuta sunan kowane launi a jikin mazubinsa domin ya riƙa karantawa yana ɗauka.