Amsa: Barbara Jordan ce baƙar mace ta farko a Majalisar Amurka?

'Yar'uwa, a'a, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Shirley Chisholm ta riga ta shiga Majalisar Wakilai a zaɓen 1968, sai dai ita malamar makaranta ce, ba lauya kamar Jordan ba.

Jordan 'yar Houston ce, ta gama karatun lauya a Jami'ar Boston a 1959. Sau biyu ta sha kaye a zaɓe kafin ta zama baƙar mace ta farko a majalisar dattawan jihar Texas a 1966, sannan ta ci kujerar tarayya a 1972. Jawabinta na 1974 kan yunƙurin tsige Shugaban Amurka Nixon ne ya ɗaga ta. Ki nema ki saurara, muryar kaɗai abin ji ce.

In aikin digiri ne, ki tuntuɓi malamin da ke duba ki kan takardun Jordan da ke Jami'ar Texas Southern.