Ga ƙanwata mai shirin ɗaura aure a cocin Katolika, alhali dangi addini ba ɗaya ba

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Sau biyu na karanta tambayarki, domin kamar labarina kike bayarwa. Kin ce ke 'yar Katolika ce, wanda zai aure ki ɗan wata coci ne, a danginsa kuma akwai Musulmi. Kuna son ɗaurin aure mai sauƙi wanda ba wanda zai ji an ware shi, ga shi ba ki san ta ina za ki fara ba. Yau shekara 14 da na bi wannan hanyar. Maigidana a wata coci aka yi masa baftisma, mahaifinsa dattijo ne a cocinsu, 'yan'uwan mahaifiyarsa kuwa Musulmi ne.

Kafin a sa rana, ku je ku ga Fada, limamin cocinku na Katolika, ku biyu. A nan muka yi kuskure. Sai da iyaye suka tsayar da rana, aka sanar da dangi, sannan muka je. Na miƙa wa Fada tsohuwar takardar baftismata wadda Mama ta adana tun ina jaririya, ya duba ya ce sabuwa yake so, daga cocin da aka yi mini baftisma, domin a rajistar can ake rubuta ko mutum ya taɓa aure. Kafin ta iso, ga darussan shirin aure, ga sanarwar da ake yi a coci, dole aka ɗaga ranar. Surukina bai ji daɗi ba, ya ɗauka wulaƙanci ne don ɗansa ba ɗan Katolika ba ne. Wurare da yawa wata shida suke so a ba su, ki tambaya tun yanzu.

Akwai kuma izinin Bishop, Fada ne zai rubuta ya nema muku. Idan an yi wa saurayinki baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, izini kawai ake nema. Da ba a taɓa yi masa ba, sai Bishop ya ɗauke hanin da dokar coci ta sa, in ba haka ba auren bai ɗauru ba a wurin coci. Shi ya sa za a nemi shaidar baftismarsa shi ma. Ba wanda zai tilasta masa ya zama Katolika. Ke ce za ki yi alkawari cewa za ki riƙe bangaskiyarki, kuma za ki yi iyakar ƙoƙarinki a yi wa 'ya'ya baftisma, su tashi a Katolika. Shi sanar da shi za a yi cewa kin ɗauki wannan alkawarin. A da ana sa wanda ba Katolika ba ya yi alkawarin shi ma, amma tun 1970, zamanin Fafaroma Paul na shida, aka sauya. Tsofaffi da yawa tsohuwar dokar suka sani, ita ce ke tayar musu da hankali. Duk da haka ina roƙonki kada ki bari ya fara jin maganar 'ya'ya a ofishin Fada. Ku zauna ku biyu ku tattauna ta sosai, ko da za a yi hawaye. Mu mun yi.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Tsarin ɗaurin aure na Katolika iri uku ne: wanda ake yi cikin Mas (babbar ibadarmu da ake karɓar Jibin Ubangiji a cikinta), wanda ake yi ba tare da Mas ba, da wanda aka tanada idan ɗayan ba shi da baftisma. Shawarata, ku zaɓi na biyun. Shi ne ma abin da coci ta saba yi a aure irin naku.

Da na gaya wa Mama ba za a yi Mas ba, shiru ta yi, ta juya baya tana ninke wanki, sai can ta ce, "To wannan aure ne ko addu'a?" Na kai ta wurin Fada. Ya ce mata, "Mama, ki yi tunanin lokacin karɓar Jibin Ubangiji. Ɓangarenku zai tashi ya yi layi, ɓangaren ango yana zaune yana kallo. Amarya ta karɓa, angon da ke durƙushe kusa da ita bai karɓa ba. A ranar da aka ce sun zama ɗaya, abin da idon jama'a zai fara gani shi ne rabuwa." Ya kuma bayyana mata cewa yardar da ango da amarya suka furta da bakinsu a gaban Fada da shaidu biyu ita ke ƙulla aure, kuma tunda dukansu suna da baftisma, auren sakramenti ne cikakke, da Mas ko babu. Mama ba ta ce komai ba a wurin. Amma washegarin aure, ranar Lahadi, ita ta ba da sunayenmu aka yi mana Mas na godiya, maigidana ya raka ni ya zauna kusa da ita.

Tsarin kansa gajere ne, namu bai kai awa ɗaya ba. An yi addu'ar buɗewa da karatu, Fada ya yi gajeren wa'azi, ya yi mana tambayoyi uku: ko mun zo da yardarmu ba tilas, ko za mu ƙaunaci juna mu girmama juna muddin rai, ko za mu karɓi 'ya'yan da Allah ya ba mu. Sai alkawari, zobe, addu'o'in jama'a, addu'ar Ubangiji da albarkar aure. Doguwar riga, jerin ƙawaye da furanni duk son rai ne.

Wajen zaɓen karatu ku tuna da waɗanda za su zauna a benci. Mun ɗauki Farawa sura 2, halittar Adamu da matarsa, labarin da kowa a ɗakin ya sani ta hanyarsa, da Zabura ta 128, da bikin Kana a Yohanna sura 2. Surukina, wanda ya yi fushi da farko, shi ya karanta na Farawa da izinin Fada. Shaidun nan biyu ba lallai su zama Katolika ba, don haka ƙanwar maigidana ta tsaya mana. Faston angonki ma ana iya gayyatarsa ya yi addu'a ko ya sa albarka, amma Fada kaɗai ke karɓar alkawarin. Abin da dokar coci ta hana shi ne a sake wani ɗaurin aure na addini a wani wurin, kafin ko bayan wannan. Idan danginsa sun dage sai a cocinsu, kada ku yi a ɓoye. Ki gaya wa Fada, akwai izinin da Bishop kan bayar a yi a can idan dalilin mai ƙarfi ne. Ku kuma sani ba a ɗaura aure ranar Juma'ar tunawa da mutuwar Almasihu da Asabar ɗin da ke biye.

Dangi Musulmi kuwa, ku je da ƙafarku ku gayyace su, kada a aika. Ku gaya musu abin da za a yi daki-daki, da tsawon lokacin, da cewa ba a bukatar su durƙusa ko su amsa wata addu'a. Ku duba agogo kada ya ci musu lokacin salla. Wanda ya ce ba zai shiga coci ba, sai dai ya same ku a wurin taro, kada ki riƙe shi a zuciya, addininsa yake kiyayewa kamar yadda kike kiyaye naki. Babban kawun maigidana haka ya ce mana, muka ce mun gode. Da muka fito, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa cikin rana, ashe tun farko yana nan yana jira. Ya kama hannun maigidana da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "'Yata, Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ki fara da neman sabuwar takardar baftismar nan a makon nan, shi ma ya nemo tasa.